Yadda Na Shirya Tsohon Gidanmu na Kaduna da Kayan Da

Gidan da muke ciki a Kaduna marar bene ne, irin waɗanda aka gina wa ma'aikatan gwamnati a shekarun 1950, lokacin da garin yake hedikwatar Jihar Arewa. Mahaifina ya zauna a cikinsa yana aiki, daga baya ya saye shi, kuma bayan rasuwarsa 'yan haya suka yi shekaru a ciki kafin ni da maigidana mu yanke shawarar komawa. Yana da baranda mai faɗi, da silin mai tsawo, da tagogin luba da suka sauko ƙasa sosai, da daɓen tarazo wanda ko tsagewa bai yi ba, har da murhun jin ɗumi a falo saboda hunturu.

Da muka tare, kujerun zamani da muke da su na kwaso, manya masu tudun soso waɗanda jikinsu yake zaune a ƙasa. Tun a makon farko na ga ba su dace ba, domin sun tare rabin tagogin, falon ya yi duhu, iskar da aka tsara ginin don ta shiga ta gaba ta fita ta baya kuma ta rasa hanya. Da damina ta sauka, kabad ɗin da aka yi da matsattsen garin katako ya sha laima ya kumbura. A nan na fahimci cewa gidan yana da nasa ma'auni, kuma kayan zamaninsa, masu siraran ƙafafu da ake ganin daɓe ta ƙarƙashinsu, don irin waɗannan ɗakuna aka ƙera su. Na sayar da kujerun, muka yi wata biyu muna zama a kan darduma.

Neman ya fara ne daga cikin dangi. Goggona da take Zariya tana da gadon ƙarfe mai rumfa tun na aurenta, an kwance shi an jingine a bayan ɗaki, kuma saura kaɗan jikokinta su miƙa wa 'yan jari-bola, waɗanda a kan sikeli suke sayen irinsa. Da na roƙe ta, sai ta dube ni ta ce, "Ke kuwa 'yar nan, me za ki yi da tsohon ƙarfe, ga gadaje na yayi cike da kasuwa?" Na ce, "Goggo, na yayin ne suka gaza mini." Ta ba ni, ta haɗa mini da adakar da aka kai ta ɗaki da ita. Bayan wannan sai na nemi wata dillaliya a unguwarmu, kuma ita ce ta fi kowa yi mini amfani, saboda tana shiga gidajen da ba zan iya shiga ba, ta san wadda za ta aurar da 'ya tana son rage kaya, ta san inda ake rabon gado aka rasa mai son tsofaffin kwanoni. Sharaɗi ɗaya na kafa mata, wato kada ta kawo mini abin da magada ba su gama daidaitawa a kansa ba.

Ilimin katako kuwa a kasuwar Panteka ta Kaduna na same shi, a wurin wani dattijon kafinta da ya koyi sana'a tun kafin injuna su yawaita. Ranar da na nuna masa wani teburi da ƙyallinsa ya ɗauke mini hankali, bai dubi samansa ba, sai ya sa yaronsa ya kifa shi. Ya ce, "Hajiya, fuska kowa yana iya gyara ta, gaskiyar teburi tana ƙarƙashi." Ya nuna mini cewa ƙusoshi ne kawai suke riƙe da ƙafafun, alhali a aikin ƙwarai rami ake fafewa a jikin katako ɗaya, a sassaƙa wa ɗayan harshe ya shige ciki, don haka ko ya saki ana iya zare shi a sake mannawa. Ya koya mini in ɗaga abu in ji nauyinsa, in ƙwanƙwasa in saurara, domin katakon da gara ta cinye cikinsa amonsa irin na ganga ne. Ƙananan huji da gari mai laushi a ƙasan kujera kuwa alama ce cewa ƙwaron yana nan da ransa. Daga gare shi na koyi bambanta maɗaci, mai ja-ja da nauyi, da iroko wanda yake yin duhu idan ya tsufa kuma gara ba ta cika damunsa ba. Abin da ya fi zama mini hujja shi ne bayaninsa cewa katakon da ya ga hunturu hamsin da damina hamsin ya riga ya gama motsinsa, sabon da aka yanka bara kuwa yanzu zai fara tsagewa da lanƙwasa. Ta hannunsa na sami kujerun katako huɗu masu hannu da kushin da ake cirewa, da teburin cin abinci, da kabad mai gilashi.

A kan wannan kabad na yi kuskuren da har yau yake damuna. Cikin ɗoki na sa wani mai fenti ya goge shi da inji ya malala masa banish mai ƙyalli, ya fito kamar roba, duhun da shekaru suka ba shi ya tafi, kuma babu kuɗin da zai dawo da shi. Sauran kayan da ruwan sabulu kaɗan da tsumma na wanke su, na bari suka bushe a inuwa, sannan na murza musu kakin zuma. Tabon kofi da yake kan teburin na bar shi a inda na same shi. Gadon Goggo ne kaɗai ya buƙaci a kankare shi saboda tsatsa, kuma da yake tsohon fenti yakan ƙunshi dalma, a waje aka yi aikin, ana jiƙa ƙarfen don kada ƙura ta tashi, yara kuma ba sa kusa. Duk wanda ya tuna abin da gubar dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ba zai ɗauki wannan da wasa ba.

Hasara ta biyu daga wata doguwar kujera mai soso ta zo, wadda na saya da araha na shigar da ita falo a ranar. Kafin mako uku kuɗin cizo sun kai ɗakunan kwana, sai da muka yi ta fama da tafasasshen ruwa da shanya da feshi kusan wata guda. Tun daga nan duk abin da na sayo yakan yi kwanaki a rana a tsakar gida, tsohon soso da yadi kuma ba sa ƙetare ƙofata, ƙashin kujerar kawai nake ɗauka a yi mata sabuwar riga.

Wurin da na fi jin daɗin aikin shi ne jere. Iyayenmu mata sun san adon ɗaki tun kafin mu ji wani salo daga waje, kuma kwanonin samira da fanteka da tasoshi da suke jerawa har kusa da rufi ado ne, ajiyar dukiya ce kuma, wadda mace take sayarwa idan ta shiga matsi. Dillaliyar ta tara mini masu yawa, na ƙara da farantan tagulla aikin Bida da na samo a Kasuwar Kurmi ta Kano, na goge su da lemon tsami da toka. Da farko duka na baza, falon ya koma kamar rumfar mai sayar da kayan tarihi, ido ya rasa inda zai sauka. Maigidana ne ya ce in rage, kuma ya yi gaskiya. Yanzu kwanoni bakwai ne a cikin kabad, faranti uku a saman murhu, sauran suna cikin adaka ina musanya su idan salla ta zo. Labule na rinin Ƙofar Mata na yi, na shimfiɗa luru a kan gado, bango kuwa fari na bar shi domin shuɗin baba da jan katako su fito.

Abu biyu ban yarda da tsufansu ba. Wayoyin lantarkin gidan duka na sa aka sauya, haka ma na cikin tsohuwar fankar silin da rediyon katakon mahaifina. Silin ɗin kuma allon asbestos ne, wanda ƙurarsa take cutar da huhu, saboda haka na hana a huda shi ko a goge, fenti kawai aka shafa masa.

Akwai masu zuwa su tambaya cikin tausayi ko wani abu ne ya same mu da muka koma kayan gwanjo, kuma na daina dogon bayani, sai in ce su zauna a kujerar su ji. Gaskiya ba kullum tsohon kaya yake fin sabo araha ba idan aka haɗa da kuɗin mota da na gyara, kuma aikin ya ci ni shekara biyu. Goggo ta zo bara da rani, ta shiga ɗaki ta kama sandar rumfar gadon ta girgiza, ta ga bai motsa ba, sai ta zauna a bakinsa ta shiga ba ni labarin ranar da aka ɗauko shi daga tashar jirgin ƙasa. Kafin ta koma ta ce akwai keken ɗinkinta Singer a Zariya, in aika a ɗauko, kuma na riga na share masa wuri a gefen tagar gabas, inda hasken safe yake faɗowa.