Tarihin Rayuwata, Kashi na 9: Wayoyi Biyun da Na Haɗe

A makon jiya na tsaya a inda Kawu, maigidana a gareji, ya fara barina ina kwance kikistata, wato na'urar da ke juya inji har ya tashi, ni kaɗai, bayan na shekara ɗaya da rabi ba ni da aiki sai wanke noti a kananzir da miƙa masa sifana. Yau zan ba ku labarin aikin farko da ya damƙa mini ɗungurungum, wanda har gobe idan na tuna shi sai tsikar jikina ta tashi.

Tarakta ce Massey Ferguson 135, jar nan da aka fara ƙerawa a 1964, mai injin Perkins silinda uku. Wadda aka kawo mana ta girme ni nesa ba kusa ba. Rana ta cinye fentinta, kujerar ta sha walda, amma injin garau yake. Da sarƙa aka jawo ta a farkon damina, lokacin da kwana ɗaya na zaman tarakta yake yi wa mai gona kamar wata guda. Direban ya ce sati uku ke nan makulli ya daina aiki, shi kuwa ya samo dabara: yana tsayawa a ƙasa, ya sa sukudireba ya haɗa babban notin silinoid da ƙaramin bakin da ke gefensa, sai ta tashi. Silinoid shi ne siwic ɗin da ke tura wa kikistata babbar wuta daga batir. Yau da safe dabarar ma ta ƙi. Na leƙa na ga notin duk ya yi tabo, kamar an ɗiɗɗiga masa wutar walda.

Kawu ya dube ni ya ce, "Ɗan nan, ga taka. Kada ka taɓa noti ko ɗaya sai ka saurari abin da take faɗa."

Wannan saurare shi ne karatun da ya fi nanata mini. Idan ka murɗa makulli ka ji tak-tak-tak a jere, batir ne ya yi sanyi ko kawunansa sun yi datti. Idan ka ji "tak" sau ɗaya mai ƙarfi sannan shiru, silinoid ya ja, amma wutar ba ta ƙetara zuwa kikistata ba. In kuwa shiru ne tsit, ko motsi babu, to ka bar manyan wayoyi, ka bi siririyar da ta taso daga makulli. Na hau kujera, na mayar da giya firi, na murɗa. Tsit.

Duk da haka da batir na fara, domin Kawu ba ya yarda a tsallake shi. Mita ta nuna bolt 12.6, wato cike yake. Na kwance kawunan na kankare su, na bi wayar at, wadda ke haɗa batir da jikin tarakta, har inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe na goge wurin sai da ya yi fari. Daga nan na ɗauki fitilar gwaji, wadda ba komai ba ce illa ƙwan fitila da waya biyu, na zura hannu bayan allon makulli. Wuta na shiga lafiya. A bakin da ya kamata ta fito idan an murɗa, ƙwan sai ya yi ja-ja ya mutu, in na girgiza makullin ya ƙyalla.

Kafin in zare wayoyin na ɗaura wa kowacce zare mai launi dabam, na zana yadda suke a bayan kwali. Tsohuwar tarakta ta bi ta hannun mutane da yawa, kowa ya yi mata nasa ƙari, launin waya ba abin dogaro ba ne. Makullin irin wannan mai dizal ba kunnawa kaɗai yake yi ba, yana da matsayin da yake ba wa hitar da ke bututun shigar iska wuta, don tayar da inji a lokacin sanyi. Ka juya wayar hitar da wata, kana iya barin hita tana ci ba ka sani ba.

Buɗe makullin shi ne inda na fi jin daɗin aikin. An naɗe bakin gwangwaninsa a kan bayan da ke riƙe da bakunan waya, sai ka bi a hankali da ƙaramin sukudireba kana ɗaga naɗin. Kawu ya sa na yi aikin a cikin kwano da tsumma a shimfiɗe, domin akwai 'yan sifirin ƙanana a ciki, da zarar murfi ya ɗaga sai su yi tsalle, in suka faɗa ƙasa kuwa sai dai haƙuri. Da na buɗe na ga abin da ruwan sama da ƙura suka yi shekara da shekaru: tagullar ta yi kore shar, tsohon giris ya daskare kamar ƙaro, har da gawar wani ɗan ƙwaro a lungu. Na wanke, na bi kowane baki da samfefa mai laushi, ba da ƙarfi ba, don tagullar siririya ce, in ka cinye ta sifirin ba zai ƙara danna ta yadda ya kamata ba. Na shafa giris ɗan kaɗan, na mayar, na naɗe bakin. Da na gwada, ƙwan ya kama fes.

Na hau na murɗa ina murmushi. Tsit.

Na ci gaba da bin wayar. Daga makulli ba ta tafiya kai tsaye zuwa silinoid, sai ta gangara saman akwatin giya, can ƙarƙashin sitiyari, inda aka ɗaura wani ɗan siwic mai baki biyu. Taraktar nan sandar giya biyu gare ta, doguwa ta canja giya, da gajeriya ta babban gudu da ƙarami. Gajeriyar tana da matsayi a tsakiya mai alamar S. Sai tana nan ne ƙarfen da ke ciki yake tura harshen siwic ɗin, wuta ta wuce, kuma a wannan matsayi inji ba ya haɗe da tayoyi ko da doguwar sandar tana cikin giya. Na sa fitila: baki ɗaya da wuta, ɗayan babu. Na zare wayoyin biyu na haɗa su da juna don gwaji, na murɗa makulli. "Tak!" Sau ɗaya, sannan shiru.

Ashe cuta uku ce a jiki ɗaya. Na sauke kikistata, na narkar da dalmar da ke riƙe da murfin silinoid, na buɗe. A ciki akwai farantin jan ƙarfe da ke haɗa kawunan manyan noti biyu, kuma ta nan ne wutar da ta kai ɗaruruwan amfiya take bi. Duk lokacin da aka haɗa da sukudireba hannu na rawa, farantin sai ya riƙa bugawa yana saki, yana tartsatsi, har ya ƙone ya yi ramuka. Na juya shi ta ɗaya fuskar da ba ta ci wuta ba, na goge kawunan notin da zarto har suka daidaita, na rufe na ɗaura. Wannan karon da na murɗa, Perkins ya amsa tun a juyi na biyu, da wannan ƙarar tasa mai kama da bugun ganga. Na ja maɓallin kashewa, ta mutu.

Rana ta riga ta faɗi. Siwic ɗin giya yana wuri mai matsi, sai ka ɓarje 'yan yatsu kafin sifana ta kama shi. Wayoyin nan biyu da na haɗe suna nan, tarakta tana tashi, mai ita zai zo da safe. Na ɗauki salatif na naɗe su, na tura su can ciki inda ido ba zai gani ba. Na san ba daidai na yi ba, shi ya sa na ɓoye.

Da sassafe na riga kowa zuwa, ina so in ɗuma injin kafin Kawu ya iso. Abin da ban sani ba, da daddare yaran gareji sun tura taraktar gefe don su ba wata mota hanya, kuma da yake wurin gangare ne, birkinta ba shi da ƙarfi, suka bar ta cikin giya. Ban hau ba. Na tsaya a ƙasa, tsakanin tayar gaba da ta baya, na miƙa hannu na murɗa makulli.

Ta zabura. Kikistata ya juya inji, inji ya juya tayoyi, babbar tayar baya ta gangaro har haƙoranta suka daki cinyata suka ture ni jikin inji. Na saki makullin, ta tsaya. Tafiyar ba ta fi taki ɗaya ba. Na dubi allon, na ga maɓallin kashewa yana waje yadda na bar shi jiya, wato mai bai shiga inji ba. Da wani ya mayar da shi ciki, da injin ya kama, kuma taraktar dizal a ƙaramar giya ba ta san ta taka mutum ba, wucewa take yi da garmarta a baya. Ƙafafuna suka ƙi ɗaukata, na zauna a ƙasa.

A haka Kawu ya same ni. Ya dubi sawun taya, ya dubi wandona, ya zura hannu ƙarƙashin sitiyari ya jawo wayoyin da salatif ɗinsu. Na yi zaton mari zan sha. Bai ɗaga hannu ba, bai ɗaga murya ba.

"Wa ya haɗe su?"

"Ni ne, Kawu."

"Don gwaji, ko don a tafi da ita haka?"

Na sunkuyar da kai. Ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, "Yau kai ne, kuma Allah ya kiyaye. Da ta bar nan a haka, direban nan da ya saba tsayawa a ƙasa fa? Ko ɗan mai gona da zai hau yana wasa da makulli? Me zan gaya wa uwarka, me za mu gaya wa tasu?"

Ya ja ni bayan gareji, inda wata tsohuwar Ferguson TE20 mai ruwan toka take kwance ba tayoyi. Irinta aka ƙera a Coventry ta Ingila daga 1946 zuwa 1956, sama da rabin miliyan. Ya kama sandar giyarta ya nuna mini: a wannan, sandar giyar ce da kanta take tayar da inji, sai ka tura ta wani matsayi na dabam da ba giya ba ne kafin kikistata ya juya. Ba yadda za a yi sanda ɗaya ta kasance a giya kuma a wurin tayarwa lokaci guda. Ya ce haka ma Ford 8N ta Amurka, wadda aka yi daga 1947 zuwa 1952, maɓallin tayarwarta yana kusa da sandar giya, ba ya dannuwa sai giya tana firi. Masu ƙera waɗannan sun yi tunanin mutumin da zai manta, tun kafin a haifi ubana, ni kuma na zo da salatif na warware tunanin cikin minti ɗaya. Wannan maganar ta fi mari zafi.

Na koma na kwance siwic ɗin, na bar fatar 'yan yatsu biyu a wurin. Da ya fito, sai na ga bai ma mutu ba. Laka da tsohon mai sun cushe harshensa, ya shige ya maƙale, bakunan wayar kuma sun yi tsatsa. Na jiƙa shi, na riƙa dannawa ina saki har ya fara dawowa da kansa da ɗan sauti, na sa mita ta nuna yana haɗawa in an danna, yana yankewa in an saki. Na goge bakunan, na sa wa wayoyin sababbin kawuna, na mayar da shi da washarsa ta asali. Kawu ya ce kada in canja ta, kaurinta ne yake daidaita zurfin da harshen zai shiga. Aikin da na guje wa jiya bai ci awa guda ba.

Gwajin da ya sa na yi, har yau shi nake yi wa kowace tarakta kafin ta bar hannuna. Ina kan kujera, ƙafa a kan kuloci, maɓallin kashewa a waje, an sa wa tayoyi waigi. Gajeriyar sanda a ƙaramin gudu, murɗa: tsit. A babban gudu: tsit. A tsakiya: ta juya. Sannan ya sa mita a kan manyan notin silinoid biyu ina murɗawa, ya ce abin da ke ɓacewa a tsakaninsu kada ya wuce kimanin bolt 0.2, batir kuma kada ya sauka ƙasa da 9.6 yayin da yake juya inji. Duka suka yi daidai.

Mai taraktar ya iso da hantsi yana sauri. Da ya ji abin da ya tsayar da mu, ya ce ai da mun bar wayoyin a haɗe, abokansa da yawa haka tasu take. Kawu ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, ba daga garejin nan ba." Ya samo hular roba ya rufe babban notin silinoid, ya kira direban ya sa shi ya hau kujera ya tayar da ita sau uku a gabanmu, hannunsa na bin gajeriyar sanda kafin makulli.

A na ukun ne Kawu ya matsa kusa da allon, ya sa direban ya ƙara wuta, ya tsura wa allurar caji ido. Ba ta motsa daga inda take ba. Ya juyo ya ce, "Ɗan nan, ɗauko sifana, dayinamo ba ya caji." Labarin wannan dayinamo, da yadda na fara sanin cewa akwai taraktocin da kan batir mai alamar tarawa ne yake zuwa jikin ƙarfe, shi zan kawo muku mako mai zuwa in Allah ya kai mu.