Abin da maɗaciya ta koya mini kafin in bar ɗakin sikanin

Jiya na miƙa makullin ɗakin sikanin, bayan shekara huɗu a wani asibitin karkara a Jigawa. Har yau wata dattijuwa daga wajen Ringim ba ta fita a raina ba.

Ta zo da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama. Na ce, “Inna, kin ci abinci?” Ta ce a'a. Ashe ta sha koko da ƙosai biyar, ita a wurinta in ba tuwo ba ne ba a ci abinci ba. Ita kuwa maɗaciya da ta ji maiƙo sai ta matse ta juye ruwanta cikin hanji, shi ya sa ake son mutum ya yi awa 6 zuwa 8 bai ci komai ba. Na ɗora kan na'ura, na ga jakar maɗaciya a tsuke, bangonta ya wuce milimita 3, ga wani fari da inuwa a bayansa. Oga na tsaye a ƙofa, wai mai ya kusa ƙarewa a janareta, ga mutum talatin a layi. Ban juya ta kan gefen hagu in ga ko abin zai gangara ba. Na rubuta tsakuwa. Ya sa hannu, ko allon bai kalla ba.

Ɗanta ya sayar da buhun gero biyu suka tafi Kano. Aka sake hoto tana da azumi: maɗaciya fes. Iskar hanji na gani, wadda inuwarta dishi-dishi ce, ta tsakuwa kuwa baƙa wuluk. Gyambon ciki ne ke damun ta.

Da takarda ta dawo, a gaban ma'aikata oga ya ce ni na zubar masa da mutunci. Na ce, “Ranka ya daɗe, a yi haƙuri.” Sa hannun nasa dai yana nan a fayil.

Ga wanda zai gaje ni: ka tambaya, “Me kika sa a baki tun asuba?” Ka juya kowa, tsakuwa takan gangara, tsiron nama a bangon maɗaciya kuwa ba ya motsi kuma ba shi da inuwa. Mai sikila ko yaro ne ka duba masa tsakuwa. Ciwon hanta ma yana kumbura bango.

Tun daga ranar, ba takardata da aka sake dawowa da ita daga Kano. Mutum nawa na mayar gida su dawo gobe da azumi, oga yana tsaki, ban ƙirga ba.