Haɗiye Baƙin Ciki Ba Shi Ne Haƙuri Ba

Ƙannena, mu da muka riga ku jin zafin rana an raine mu da cewa ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Magana ce mai kyau, amma mun kai ta inda ba a aike ta ba. Duk abin da ya taɓa mana rai sai mu haɗiye, mu ce haƙuri muka yi, shi kuwa ya nemi wata ƙofar ya fito: ciwon kai da ba ya jin Panadol, sanƙarewar wuya, juyi a kan katifa har asuba, tsawa ga yaron da bai san hawa ba bai san sauka ba. Wannan ne kuskurenmu na fari, kuma a gindinsa sauran suka tsiro.

Ku fara sanin abin da ke faruwa a jiki. Idan aka ɓata wa mutum rai, wasu 'yan ƙulli biyu da ke saman ƙoda kan tsiyayo sinadarin adirinalin cikin jini. Zuciya ta hau dukan uku-uku, numfashi ya gajarta, tafin hannu ya jiƙe, muƙamuƙi ya ɗaure. A wannan hali jiki ya shirya faɗa ne ko gudu, ba shawara ba, kuma yakan ɗauki wajen minti 20 ko fiye kafin ya lafa. Idan mutum ya zauna yana ta bitar abin da aka faɗa masa, sai lissafin ya koma farko.

To me za a yi da minti 20 ɗin nan? Hadisi ya riga ya ba da matakin farko: mai fushi in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ku bar wurin in da hali, ku yi alwala da ruwa mai sanyi. Sannan numfashi: hannu ɗaya a kan ciki, a ja iska ta hanci ana ƙirga huɗu, a sake ta a hankali ta baki ana ƙirga shida, har tsawon minti 5. Sirrin yana cikin fitarwar, domin doguwar fitar da iska ce ke rage gudun zuciya. Inda ake kuskure shi ne a riƙa zuƙar iska da yawa da sauri ta ƙirji. Wannan jiri yake kawowa da sagewar yatsu, mutum ya ƙara firgita ya ɗauka zuciyarsa ce za ta tsaya.

Waya kuwa a ajiye ta. Magana zarar bunu ce tun ana yin ta baki da baki, balle yanzu da saƙon murya ke zama a wayar wani shekara da shekaru. Ku rubuta abin da ke ranku in ya zama dole, amma kada a tura sai an kwana an tashi. Habaici a sitatus ma turawa ne. Ga masu aure, kalmar saki ba ta da gurbi a cikin waɗannan mintoci. Gidaje nawa ne suka mutu da azahar, maigida ya kama neman malamai da la'asar?

Kuskurenmu na biyu ya fi ɓoyuwa: in mun huce ba ma komawa kan maganar. Sai a yi ta gaisawa sama-sama, abin yana taruwa, ranar da ya fashe a tono har na shekara biyar. Ku koma cikin kwana ɗaya ko biyu, a keɓe, da magana ɗaya tak. A faɗi abin da ya faru, yadda aka ji, da abin da ake so. Misali: "Yaya, jiya da ka yi mini faɗa a gaban masu saye na ji kunya ƙwarai. In na yi kuskure, don Allah ka ja ni gefe." Ku guji "kullum haka kake" da "ba ka taɓa", don daga jin su mutum yake fara kare kansa. In babba ne da ba a iya haɗa ido da shi, a bi ta hannun kawu ko gwaggo. Wannan hanya tamu ce, kuma tana aiki.

Akwai kuma "ba komai" da "lafiya lau" da muka mayar amsar kowace tambaya. Sau da yawa abin da ya fito a matsayin fushi, a ƙasansa tsoro ne, ko kunya, ko kishi, ko kaɗaici, kuma kowanne da maganinsa. Layi uku a littafi kafin barci sun isa: me ya faru, me na ji, me na yi. Bayan mako biyu za ku ga bakin zaren. Wani zai tarar duk rigimarsa ranar da bai karya ba ce, ko daren da ya raba a waya.

Barci ba ragwanci ba ne. Baligi na bukatar awa 7 zuwa 9. Sinadarin da ke cikin shayi, kofi, goro da lemon ƙara kuzari yakan kai kusan awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, saboda haka a tsaya da su daga la'asar. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri ta minti 30, kwana biyar a mako, ita ma tana sauke nauyin ƙirji.

Kuskurenmu na uku shi ne neman sauƙi a kyamis. Tun 2018 gwamnatin Najeriya ta hana shigowa da sarrafa maganin tari mai kodin, amma ƙwayoyi ba su ƙare a unguwa ba. Tiramol, in aka haura miligiram 400 a yini, yana iya jefa mutum cikin jijjiga irin ta farfaɗiya, wasu ma a ƙasa da haka. Diyazifam yana sa barci a makon farko, bayan 'yan makonni jiki ya saba ya nemi ƙari. Wanda ya riga ya saba kada ya yanke rana ɗaya, da hatsari. Likita ne zai rage masa sannu a hankali.

Sai ku iya bambance ɓacin rai da ciwon damuwa. Idan baƙin ciki ko rashin jin daɗin komai ya kai mako 2 kusan kullum, ga canjin barci da cin abinci, ga kasala da ganin kai ba a bakin komai ba, wannan ciwo ne kamar hawan jini. Ba raunin imani ba ne. A yi addu'a, a kuma je asibiti. Ɗaya ba ya korar ɗaya. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato, ga na Dawanau a Kano, ga sashen masu wannan lalura a asibitocin koyarwa. Zuwa can ba shi ne hauka ba. A farkon 2023 ma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar ta 1958, don kare haƙƙin marasa lafiya. Maganin damuwa yakan yi mako 2 zuwa 4 kafin a fara ganin aikinsa, kuma ana ci gaba da sha aƙalla wata 6 bayan an ji sauƙi. Masu yar da shi a kwana goma su ce bai karɓe su ba, da masu dainawa da zarar sun warware, su ne ciwon ke dawo wa.

In aboki ko ƙanwa ta ce ta gaji da rayuwa, kada ku ce "ki daina wannan magana". Ku tambaye ta kai tsaye ko tana tunanin kashe kanta. Tambayar ba ta cusa tunanin. In ta ce e, kada a bar ta ita kaɗai, a kawar da fiya-fiya, shinkafar ɓera da tarin magunguna daga ɗakin, a sanar da babba ɗaya mai riƙon sirri, a kai ta asibiti a ranar. In har an riga an sha wani abu, ban da ɗura manja ko madara, ban da sa amai. A garzaya sashen gaggawa, a tafi da kwalbar abin da aka sha.