Ragon dutse a kwazazzabon Waterton

Gari bai gama wayewa ba na bar birnin Denver na jihar Colorado a Amurka, ranar wata Asabar ta watan Disamba. Sanyin ya kai sai da na cire batirin kyamara na sa a aljihun ciki, don ɗumin jiki ya riƙe shi. Kwazazzabon Waterton yana kudu maso yammacin birnin. Hanyar ƙasa ce mai faɗi da ke bin kogin South Platte har zuwa madatsar Strontia Springs, wajen kilomita 10. Ba a shiga da kare ko da a ɗaure yake, saboda tumakin dawan da suka kawo ni, wato tumakin dutse masu manyan ƙahoni da ake kira bighorn.

Na fi awa guda ina tafe, dusar ƙanƙara na ƙara a ƙarƙashin takalmina, ido na kan duwatsu. Launinsu ya saje da dutsen sosai. Farin gindinsu ne ya tona musu asiri. Tumaki biyar da 'yan raguna biyu na bara suna saukowa a gangaren da ni ko da rarrafe ba zan gwada ba. Kofatonsu ne sirrin: gefensa tauri, cikinsa laushi, yana kama dutse kamar roba.

Sai ga babban ragon.

Na tsuguna gefen hanya, na daina motsi. Ya zo ya kwanta a kan wani faffaɗan dutse yana tuƙa, tururi na fita daga hancinsa. Da na jawo shi kusa a gilashin kyamara, ƙahon ne ya ɗauke mini hankali. Ya nannaɗe ya zagayo har gefen ido, ƙarshensa ya cinye ya farfashe, kuma kusa da tushe akwai wata ɓalla mai zurfi. Nuwamba da Disamba ne lokacin barbararsu, sa'ad da raguna ke tashi kan ƙafafun baya su gwabza kai har ƙarar ta cika kwazazzabo. Ƙahonin ƙaton rago kan kai kilo 14, kuma ba sa zubar da su. Kowane hunturu yana barin zobe guda mai zurfi a jiki. Na ƙirga takwas a hoton, da yatsuna suna rawa.

Ina kallonsa sai raina ya ɓaci da na tuna abin da ya fi kashe su. Ciwon huhu ne da suke ɗauka daga tumakin gida, ya bi garke ya share 'yan raguna shekara bayan shekara. Ga dabbar da jihar Colorado ta ɗauka tambarinta tun 1961.

Wasu masu keke suka wuce, ko kunne bai kaɗa ba. Da rana ta leƙo ta saman dutsen, hasken ya sauka daidai kan idonsa, ruwan zuma mai ƙwaya a kwance. Na danna sau uku. Ya miƙe, ya girgije ƙanƙarar da ke gadon bayansa, ya bi tumakin zuwa bakin kogi.