Kada ka yarda da koriyar fitilar nan

Ranar Asabar na tarar da ɗan ƙanwata zaune a ƙasa, ya baza naɗin waya a gabansa, ga filayar matse kai, ga ƙullin kawunan roba ɗin nan da ake kira RJ45. Wani ƙaramin ofis ne ya ba shi aikin haɗa kwamfutoci tara da firinta guda. Ya feɗe bawon wayar, 'yan siraran nan takwas suka fito, ya warware su, ya jera: ruwan lemo biyu, kore biyu, shuɗi biyu, ruwan ƙasa biyu. Na ce, "Kai, wa ya koya maka wannan jeri?" Ko ɗago kai bai yi ba. Ya ce, "Kawu, ai tagulla tagulla ce, wuta ba ta ganin launi. In dai na jera wancan bakin daidai da wannan, shi ke nan."

Gabana ya faɗi, domin maganata ce ta dawo mini ta bakin yaro, ba a rage ko harafi ba.

Shekara ashirin da wani abu ke nan, ni ma aka ba ni irin wannan aiki, kwamfuta goma sha huɗu a hawa biyu. Na jera wayoyina biyu-biyu kamar yadda yaron nan ya yi, na matse, na soka, koriyar fitila ta kama a kowace kafar da na soka waya. Har testa na ara, irin mai 'yan fitilu takwas, ta ƙirga ɗaya zuwa takwas lafiya lau. Na karɓi kuɗina na tafi ina jin babu kamata. Kuma in za a yi mini adalci, tunanin ba na wawa ba ne. Wanda ya saba da wayar lantarki ya san cewa in wannan baki ya kai wancan, magana ta ƙare. Babu YouTube a lokacin, babu wanda zan tambaya, waɗanda suka sani kuma rowar sani suke yi kamar gadon ubansu ne.

Amma dai takardar jerin launukan tana manne a bayan kwalin filayar. Na gan ta. Na ɗauka ƙa'idar Turawa ce kawai ta son tsari.

Abin da ban sani ba shi ne, murɗin da aka yi wa wayoyin biyu-biyu ba ado ba ne, shi ne ran wayar. Kowane saƙo a kan tagwaye yake tafiya, ɗaya na ɗauke da shi, ɗayar na ɗauke da kishiyarsa, na'urar da ke karɓa kuma bambancin da ke tsakaninsu take karantawa. Duk hayaniyar da ta faɗo daga waje, ta injin sanyaya ɗaki ko ta wayar wuta, tana bugun su biyun daidai wa daida saboda a murɗe suke da juna, sai ta soke kanta. To, layi mai gudun megabit 10 ko 100 ƙafa huɗu kawai yake amfani da su cikin takwas ɗin da ke bakin kan roban: ta 1 da ta 2 tagwaye, ta 3 da ta 6 tagwaye. Ka ji, 3 da 6, ba 3 da 4 ba. Tsarin an gaje shi ne daga soket ɗin wayar tarho, inda na tsakiya biyu suke zaman kansu. Ni kuwa da jerina na biyu-biyu, na ɗauko ta 3 daga kore, ta 6 daga shuɗi, na ɗaura auren waɗanda ba su taɓa haɗuwa ba. Testa mai arha ba ta ganin wannan, ita dai ta ga wuta ta wuce.

Da farko abin ya ɗan tafi, don hob ne da su, wato akwatin da duk wayoyin ke haɗuwa a cikinsa, mai megabit 10, yana da haƙuri. Kwamfutocin kusa suna aiki, na can ƙurya a sama suna jan ƙafa. Aka kira ni. Na tsaya na dafa ƙugu na ce laifin hob ne. Kuma ban yi ƙarya gaba ɗaya ba: hob ba shi da wayo, duk abin da ya shigo ta kafa ɗaya sai ya watsa wa kowa, saƙonni su yi ta karo. Suwic kuwa yana haddace lambar shaidar kowace na'ura, wadda ake kira MAC, ya san wace kafa take, ya miƙa mata nata ita kaɗai. Na sa suka sayi suwic biyu masu megabit 100. Daga ranar aka shiga uku, domin gwargwadon gudu gwargwadon yadda aibin waya yake bayyana. Fayil ɗin da a da yake rarrafawa ya isa, yanzu sai ya mutu a hanya. Na zargi katin sadarwar kwamfutocin, aka canza uku. Na zargi bairos. Na zargi sakatariya, Allah Ya yafe mini.

Sai dabara ta zo mini, irin wadda ke zuwa wa mutum in ya rikice. Na ce tunda waya ɗaya ce tsakanin suwic na sama da na ƙasa, bari in ƙara ta biyu, hanya ta faɗaɗa. Ina sokawa, fitilu duka suka hau ƙyafta ido tare kamar masu zazzaɓi, ofis ya tsaya cak. Na yi musu zobe. Saƙon da aka aika wa kowa da kowa ya hau ta wannan waya, ya sauko ta waccan, ya sake hawa, ba abin da zai ce masa ya isa, har ya cika layin. Tun 1985 wata injiniya Ba'amurkiya, Radia Perlman, ta samo maganin wannan, tsarin da ke sa suwic ya gane zobe ya toshe hanya ɗaya. Amma irin masu arhan da na zaɓar musu ba su da shi. Daga ƙarshe wani dattijo suka kira. Ya zare kai ɗaya, ya ɗaga shi sama wajen haske, ya duba launukan ta cikin robar, ya dube ni. Bai ce komai ba. Da ma zagina ya yi.

Na zo da niyyar in jera muku shawara goma, amma da na zauna sai na ga ba su kai ba.

Haddace jerin nan na T568B kamar sunanka: fari-da-lemo, lemo, fari-da-kore, shuɗi, fari-da-shuɗi, kore, fari-da-ƙasa, ruwan ƙasa. Kada ka warware murɗin ya wuce kusan santimita ɗaya a bakin kai. Kada waya ta wuce mita 100. Yanzu ma abin ya fi tsanani, don layin gigabit, wato mai megabit 1000, duka takwas ɗin yake aiki da su, babu ta ajiya. Ni ma dai in ka tambaye ni, kada ka matse waya da hannunka in akwai matsattsiya ta kamfani. A'a, matse. Wanda bai lalata kai hamsin ba, ba zai taɓa gane matsalar waya in ya gan ta ba. Ka dai lalata su a ɗakinka, ba a ofishin mutane ba.

Sannan ku san sunan abin da kuke taɓawa, don Allah. 'Yan yanzu kome Wi-Fi ne a wurinku. Modem Wi-Fi, rauta Wi-Fi, intanet ɗin kanta Wi-Fi. Akwatin nan na gida abu uku ne ko huɗu a riga ɗaya: rauta mai haɗa gidanka da waje tana raba wa na'urori adireshi, suwic mai 'yan kafofi a baya, da rediyon da wayarka ke kamawa. In ba ka san haka ba, wata rana za ka soka rauta ta biyu don ƙara kafofi, su biyun su hau rabon adireshi, rabin ofis ya ɓata, kai kuma kana can kana kashewa kana kunnawa. Kun kalli bidiyon daƙiƙa talatin kun zama injiniyoyi. Ko da yake mu da ba mu kalli komai ba, ga abin da muka yi.

In abu ya lalace, fara daga ƙasa: waya, sai kafa, sai adireshi. Kwamfutar da ta nuna adireshi mai farawa da 169.254 tana gaya maka ba ta sami mai ba ta adireshi ba ne, ba sabuwar na'ura take nema ba. Kada ka ce a sayi komai sai ka canza waya ka gani.

Duk wannan na zazzage wa yaron. Ya saurara, ko dai ya yi kamar yana saurare, sannan ya ce, "To Kawu, ai guda shida na riga na matse, kuma duk fitila ta kama." Na miƙa hannu na ce ya ba ni filayar. Na datse kai goma sha biyu ina kallon idonsa, na tura masa ƙullin sababbi.