Ranar da na ƙure wa fijon Baba maleji

Motar da zan ba ku labarinta fijo 504 ce salun, fara, haɗin Kaduna, wadda Baba ya saya sabuwa dal a farkon shekarun 1980 tun ban shiga firamare ba. A cikinta aka riƙa kai mu makaranta, a cikinta muke zuwa ƙauye yawon sallah, kai har amaryar yayanmu ita ce ta ɗauko ta. Bayan Allah ya yi wa Baba rasuwa sai ta koma gindin darbejiya a ƙofar gida ta yi shekara bakwai a kafe, tayoyi suka zauna, kaji suka mai da ƙarƙashinta wurin kwana, kowa ya zo wucewa sai ya ce a sayar wa 'yan jari bola a huta. Ni dai na ƙi. Na yi shekara biyu ina tara mata kaya kaɗan-kaɗan, yau Ƙofar Ruwa gobe Panteka a Kaduna, aka sauke inji aka yi masa ringi, aka wanke kafireta, aka canza lagireto da fanbel da fulogai, aka yi mata fenti irin nata na asali. Ranar da ta tashi da kanta ba turi, wallahi sai da na yi hawaye, saboda ƙarar nan tata ita ce dai wadda nake ji daga ɗaki in san Baba ya dawo daga ofis.

To duk wanda ya taɓa gyara tsohuwar mota ya san abin da ke biyo baya. Da zarar ta fara tafiya lafiya sai zuciya ta fara raya maka cewa ka gwada ka ga ƙarshenta. Su ma abokai ba sa taimakawa, kullum a majalisa maganar ɗaya ce, ai fijo ba ta tsoron hanya, ai direbobin tasha a da kafin ka gama cin gyaɗarka sun shiga Zariya, ai wannan motar ce ta cinye gasar tseren motoci ta Safari. Kuma ba ƙarya suke ba fa. A 1975, shekarar da kamfanin fijo na Najeriya, wato PAN, ya fara haɗa motoci a Kakuri can Kaduna, a shekarar ce Ove Andersson ɗan ƙasar Suwidin ya lashe gasar Safari ta Kenya da 504, sannan a 1978 Jean-Pierre Nicolas shi ma ya lashe ta da 504 mai ƙofa biyu mai injin V6. Motar da ta fito a Faransa a 1968 ta zama gwarzuwar motar Turai ta 1969, a nan gida kuma aka ci gaba da haɗa ta har 2006. Idan kana da wannan tarihin a kai, ga makulli a hannu, ga sabuwar kwalta shimfiɗe, to sai wanda Allah ya kare.

Wata Asabar ce lokacin hunturu, na fito bayan sallar asuba gari bai gama wayewa ba, na ɗauki hanyar Zariya ni kaɗai, na ce wa maiɗakina zan ɗan zaga ne inji ya buɗe. Na wuce Na'ibawa, na wuce Kura, hanya fayau sai tirela jefi-jefi. Har zuwa kilomita 100 a awa motar nan kamar jirgin ruwa take, tana lilo a hankali, kujerar nan mai laushi ta rungume ka, babu abin da ke gaya maka akwai matsala. A 120 iska ta fara fito ta gefen ƙofa inda robar ta tsufa, madubin ciki ya fara rawa har ba na iya tantance abin da ke bayana. Na ƙara taka totur. Giya huɗu ce da ita, babu ta biyar da za ka saka inji ya sarara, saboda haka duk abin da ka ƙara a kunnenka yake ƙarewa, inji yana kuka, salansa tana amsawa, bonet yana karkarwa a gabanka sai ka ce zai ɓalle ya rufe maka gilashi, ga warin fetur da na tsohuwar leda sun cika ciki. Allura ta haye 140 tana rawa, ta doshi 150, ƙafata tana manne da ƙasa.

Ba zan ɓoye ba, akwai daɗi. Daɗin da ban taɓa ji a sabuwar mota ba, don na sha tuƙa na zamani a irin wannan gudun kuma ba ka jin komai, gilashi a rufe, sanyi na kaɗawa, kamar kana zaune a falo. Ita tsohuwa komai sai ta gaya maka, kowane ɗan tudu sai ya zo tafin hannunka, kana jin ƙarfe da mai da wuta suna aiki tare a ƙarƙashinka. Amma a daidai wajen nan na lura sitiyari ya yi sakayau a hannuna, gaban motar ya ɗan ɗaga saboda iskar da ke shiga ƙarƙashinta, in na murza kaɗan sai ta yi jim kafin ta amsa. A lokacin na ɗauka alamar ta saki jiki ce. Ashe tayoyin gaba ne suka rage riƙe kwalta.

Kafin Kwanar Ɗangora akwai wani wuri da mutanen ƙauye ke tsallakawa, sai ga wani yaro da bai fi shekara goma sha biyu ba ya turo baro da jarkokin ruwa zai haye. Ya hango ni, na tabbata ya hango ni, amma yaro ya saba auna motar da ke tafiya 80 ko 90, bai san wannan farar da ke can nesa tana cin kusan mita 42 a kowace daƙiƙa ba. Na danna hon na taka birki da duk ƙarfina. Tayoyin baya suka kulle, bayan motar ya fara zamewa yana neman ya riga gaba, na saki na sake takawa, na saki na sake takawa kamar yadda Baba ya koya min tun ina koyon mota a filin idi, a taku na uku sai na ji feda ta yi laushi ta tafi ƙasa fiye da inda na san ta. Bakina ba abin da yake fita sai innalillahi. Yaron ya saki baron ya koma da baya da gudu, na wuce ta gefen baron da tazarar da ba ta kai kamu biyu ba, na gangara kan tsakuwa, ƙura ta turnuƙe, sai can gaba motar ta tsaya.

Na fi minti goma a zaune ban iya buɗe ƙofa ba, ƙafata ta dama sai rawa take ita kaɗai. Da na fito warin ƙonannen birki ne ya tare ni, na waiwaya na ga baƙaƙen layuka biyu a kan kwalta sun yi wata irin lanƙwasa, yaron yana can tsaye yana kallona bai ko koma kan jarkokinsa ba. Na taka na je na same shi, na ce yaro ba ka ji ciwo ba ko, ya girgiza kai kawai, idonsa fal hawaye. Wani dattijo mai keke da ya ga komai ya tsaya ya dube ni ya ce, Alhaji, ina za ka da sassafen nan da ba za ta jira ba? Ban sami abin ce masa ba. Na tura wa yaron baronsa har ya haye, na juyo gida a 60.

Ranar Litinin na kai ta wurin tsohon bakaniken Baba, wanda tun ina yaro shi ke taɓa ta, har yau Baba nake ce masa shi kuma ya ce min ɗana. Na gaya masa gaskiya ban rage komai ba. Bai yi min faɗa ba, ya dai kama hannuna ya durƙusar da ni a gindin tayar baya ya goge gefenta da tsumma, ya nuna min wasu lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekarar da aka yi tayar. Shekararta tara. Ni kuwa zanen samanta kawai na duba lokacin da na saya a gwanjo, na ga bai cinye ba na ce ai sabuwa ce, alhali 'yan rodi sefti kullum suna faɗa a rediyo cewa taya shekara huɗu take yi daga ranar da aka ƙera ta. Ya lanƙwasa robar da babban yatsa sai ga ƙananan tsaga sun buɗe kamar faso a dunduniya. Daga nan ya buɗe bonet ya tsoma sukundireba a robar man birki ya ɗago, man ya yi baƙi kamar shayin da aka manta a wuta. Ya ce ɗana, man birki ruwa yake sha daga iska a hankali, idan ya tsufa ka taka da ƙarfi ya ɗau zafi sai ruwan ya tafasa ya zama tururi, shi kuma tururi matsuwa yake, shi ya sa ka ji ƙafarka ta tafi. Ka kashe kuɗi a inji don ta yi gudu, ba ka kashe ko kwabo a abin da zai tsayar da ita ba.

Wannan maganar ta zauna min, don gaskiya ce tsagwaronta, kuma ba ni kaɗai ba ne, yawancinmu masu son tsofaffin motoci haka muke, inji da fenti da kujeru muke wa hidima saboda su ido ke gani. Motar nan ba ta da ABS, wato na'urar da ke hana tayoyi kullewa in an taka birki, ba ta da balan-balan ɗin da ke fashewa ya tare ka, jikinta ba a yi shi ya lotse ya shanye bugu kamar na yanzu ba. Kuma lissafin ba ya tausayin kowa, idan ka ninka gudu sau biyu nisan da za ka ci kafin ka tsaya sau huɗu yake ninkuwa, tsakanin 100 da 150 ma ya fi ninki biyu. Dokar hanya ta ce ƙaramar mota 100 ce iyakarta a babban titi mai hannu biyu, da ina kan 100 ɗin da na tsaya tun kafin in iso baron.

Ita kuma maganar Safari da muke fakewa da ita, sai daga baya na zauna na duba hotunan motocin da kyau. Suna ne kawai ɗaya da tawa. Waɗancan an ɗaure cikinsu da bututun ƙarfe ko da za su wuntsila, direba da mai karanta masa hanya sun ɗaure da bel ta kafaɗa biyu, ga makanikai na jiran su a kowane zango da sabbin tayoyi da shokazoba. Ko a Turai ma da suka fara wannan harkar sun sha wuya kafin su hankalta. A Italiya akwai wata gasa mai suna Mille Miglia da ake yi a kan titin kowa da kowa, kusan kilomita 1,600, daga Brescia a je Rum a dawo. A 1955 Stirling Moss ya gama ta da Mercedes 300 SLR cikin awa 10 da minti 7 da daƙiƙa 48, wato matsakaicin gudunsa ya haura kilomita 157 a awa, ta cikin garuruwa da duwatsu, abin da har yau in na tuna sai tsigar jikina ta tashi. Shekara biyu bayan nan, a 1957, tayar Ferrari ɗin Alfonso de Portago ta fashe yana tsaka da gudu, ya mutu, abokin tafiyarsa ya mutu, 'yan kallo tara suka mutu, biyar daga ciki yara ne. Daga nan aka soke gasar. Taya ce fa, taya ɗaya. Da aka dawo da ita a 1977 sai aka mai da ita ta tsofaffin motoci kawai, kuma ba wanda ya riga isowa ke ci ba, wanda ya fi kiyaye lokacin da aka yanka masa ne.

Ba wai sun daina gudu da tsofaffin motoci ba ne, a'a, wuri suka ware masa. A Ingila tun 1998 ake taron Goodwood Revival duk watan Satumba, motocin shekarun 1950 da 1960 da kuɗin guda ɗaya zai sayi layi guda na gidaje, amma ka ga ana tsere da su da gaske, suna zamewa a kwana, wani lokacin har su gogi juna. A Faransa akwai Le Mans Classic tun 2002, a Kenya ma sun farfaɗo da Safari ta tsofaffin motoci tun 2003. Ina kallon bidiyonsu a YouTube har dare ya raba, kuma abin da nake kallo yanzu ya canza, da motar nake bi da ido, yanzu sai na kama kaina ina duba shingen da ke tsakaninsu da mutane, da masu tuta a kowace kwana, da motar asibiti da ke fake a gefe, da yadda ake bincikar kowace mota kafin a bar ta ta shiga. Mu a nan mai wannan sha'awar ba shi da inda zai kai ta sai titin da mai baro da mai shanu da ɗan makaranta ke tsallakawa, ko kuma wasan mota a wajen biki cikin unguwa, wanda shi kam ban taɓa ganin alherinsa ba. Ina ma masu hali daga cikinmu za su haɗa kai a samu fili a bayan gari a shimfiɗa ko kilomita uku ce a kewaye ta, wallahi da ni ne na farkon biyan kuɗin shiga, don sha'awar nan ba ta mutu ba, har yanzu idan na hau miƙaƙƙiyar hanya ƙafata tana ƙaiƙayi.

Fijon tana nan. Na sa mata sabbin tayoyi huɗu na kanti, na tsugunna da kaina na karanta lambobin kafin in biya, an zubar da tsohon man birki an canza robobin da tiyo-tiyon duka, an sa sabbin shokazoba da tayarod. Ranar Lahadi da yamma nakan ɗebi yara mu bi hanyar Wudil ko ta Bichi a 80, gilashi a sauke, babban yana gaba yana tambayata sunan kowane abu a dashbod. Hanyar Zariya kuwa na bi ta sau da yawa tun daga ranar, kuma duk sanda na zo wurin nan sai na rage gudu na duba gefen titi ko zan ga yaron, layukan tayar dai damina ta wanke su tuni, shi kuma har yau ban sake ganinsa ba.