Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Ranar da Aka Haska Bakina

A makon jiya na tsaya a inda maiɗakina ta hango farin tabo a cikin leɓena na ƙasa, ina tsakiyar hamma bayan sallar asuba. Na sa yatsa na goge, bai fita ba. Na bi shi da asuwaki, ko gezau. Ba zafi, ba ƙaiƙayi, sai na share shi har wata 4.

Ni dai na san mafarinsa. Tumbak ne. A Khartum na koya ina ɗalibi: garin taba da ake kwaɓawa da kanwa, a dunƙula a cusa tsakanin leɓe da dasashi. Shekara 11 ina ajiye shi a gurbi guda, kuma a daidai gurbin tabon ya fito.

Lokacin muna Bangalo ta Indiya, ina ƙaro karatu. Maiɗakin nawa ce ta kafe: "Baban Amira, yau ƙafarka ƙafata sai asibiti."

Likitar haƙoran ta duba da ido, ta taɓa, sannan ta kashe fitilar ɗakin. Ta ɗauko wata na'ura mai kama da babbar tocila, VELscope sunanta, wadda aka ƙirƙiro a Bankuba ta Kanada, Amurka ta amince da ita a 2006. Shuɗin haske take fitarwa, likita na leƙawa ta wani gilashi a bayanta. Minti 2 aka yi, ba allura, ba jini.

Da ta nuna mini hoton a kwamfuta, sai da gabana ya faɗi. Bakina duk kore shar, amma a leɓen akwai wani baƙin wuri kamar an ɗiga tawada a allo, kuma ya fi farin tabon faɗi. Ta ce lafiyayyen nama idan ya sha shuɗin haske, kore yake mayarwa. Inda fata ta yi kauri, zaruruwan ƙarƙashinta suka fara lalacewa, jini ya taru, sai hasken ya nutse.

"Likita, kansa ce?"

Ta girgiza kai irin na Indiyawa, wanda har gobe ban san ko i ba ne ko a'a. Ta ce hasken ba ya yanke hukunci. Ko cizon leɓe ko ƙunar shayi baƙi suke fitowa. Sai ta danne wurin don jini ya kauce. Da kumburi ne kawai, koren zai dawo. Nawa bai dawo ba.

A inda ya fi duhu ta yanki ɗan nama, bai kai ƙwayar wake ba. Bayan mako guda sakamako ya fito: ƙwayoyin sun fara sauya kama, amma matakin farko ne, ba kansa ba. Aka sa mini ka'ida: duk wata 3 in dawo, a ɗauki hoton wurin, a jera da na baya, a ga ko baƙin ya matsa.

Barin tumbak kuwa, Allah kaɗai ya san wuyar da na sha. Kanumfari na koma taunawa, ina faɗa da kowa a gida.

Zuwa na biyu, hoton bai canza ba. A na uku likitar ta daɗe tana kallon kwamfuta, sannan ta ɗaga waya ta kira babban likitansu.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.